Daga Jibiya zuwa duwatsun Abzin: wa zai sake bin hanyar ayari?

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi Jibiya, bayan tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai zai iso Magama, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta shiga garin Jibiya ta zarce Gurbin Ɓaure, Zurmi da Ƙauran Namoda. Ɗayar kuma ta miƙe arewa zuwa Ɗan Isa, ƙofar Jamhuriyar Nijar, daga nan sai Maraɗi. In aka ambaci wannan mararraba a labarai, abin da ke biyowa baya sananne ne: shinkafar waje, man fetur a jarka, jami'an kwastan, rufe iyaka, 'yan bindiga. Da wuya ka ji an haɗa sunan Jibiya da yawon buɗe ido. Wanda ma ya haɗa su, za a ce bai san halin da ake ciki ba.

Duk da haka tambayar ta cancanci a yi ta, domin wannan ƙasa da ta tashi daga duwatsun yammacin Katsina, ta ratsa fadamun Gulbin Maraɗi, ta shimfiɗu cikin makiyayar Dakwaro da Tanut har ta ci karo da duwatsun Abzin, tana cikin wurare mafi kyan gani a Afirka ta Yamma. An taɓa samun lokacin da mutane ke biyan kuɗi masu kauri daga Faransa, Jamus da Italiya don su zo su kwana a kan yashinta. Me ya kashe wannan sana'a? Za ta iya tashi? In za ta tashi, wa za ta dogara da shi?

Abin da ke kusa shi aka fi mantawa da shi. A gefen garin Jibiya akwai madatsar ruwa da aka gina a kan kogin Gada, aka kammala a 1991. Tsawon bangonta ya haura kilomita uku da rabi, tana kuma iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. An yi ta ne don noman rani da ruwan sha, amma duk wanda ya tsaya a bakinta da yamma lokacin hunturu, masunta na dawowa da kwale-kwale, shanu na gangarowa mashaya, ya san wuri ne da iyali za su iya yini. Kudu da nan ƙasar ta fara tudu da kwari, ga duwatsu a warwatse ta wajen Batsari, Ruma da Safana, har zuwa garin da dutse ya ba shi suna, Dutsin Ma. A tsakiyarsu dajin Rugu yake, wanda a da makiyaya da mafarauta ke alfahari da shi. In aka ƙara gaba cikin Zamfara akwai dutsen Kwatarkwashi, wanda samarin garin suka shahara da hawansa a bikin shekara don kamo maiki daga ƙoƙuwarsa. Hawan dutse don nuna jarumtaka ba Turawa ne suka kawo mana shi ba.

Tsallaken iyaka kuwa, kafin a kai Maraɗi, akwai tafkin Madarumfa. Ruwa ne da ba ya ƙafewa, gandun daji na gefensa, tsuntsaye masu ƙaura na sauka a kansa, sannan kewaye da shi akwai kaburburan da ake cewa na waliyyai casa'in da tara ne, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa tafkin, dajin da kaburburan a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Ba nisa da nan dajin Babban Rafi yake, inda har cikin shekarun 1990 ake ganin giwaye suna kai da kawowa tsakaninsa da dazuzzukan Najeriya. Yau yaron da aka haifa a Jibiya sai dai ya ga giwa a waya.

Can arewacin jihar Maraɗi, bayan Dakwaro, ciyawa ce iya ganinka. A nan gandun Gadabeji yake, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin kimanin hekta 76,000. A 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka sake su a can, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu daga yankin. Wannan ita ce ƙasar Fulani Bororo da Buzaye, waɗanda a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, suke kora dabbobi zuwa Ingal don su lashi gishirin ƙasa. Taron ya zama biki: tseren raƙuma, ɗaurin aure, sulhunta rigingimu, da rawar Gerewol ta samarin Bororo.

Sai Abzin. Daga Maraɗi ana zuwa Agadas ta Damagaram da Tanut, ko ta Ƙonni da Tawa. Birnin kansa ya shiga jerin UNESCO a 2013, saboda tsohon garinsa da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27. Arewa da shi duwatsu ne baƙaƙe da suka tashi daga cikin hamada. Mafi tsawo a cikinsu, a tsaunin Bagazam, ya kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi shi tudu a duk Nijar. Sunan Bagazam ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin daga can dawakin da sarakunanmu suka fi ƙauna suka samo sunansu. A cikin kwazazzaban duwatsun akwai garuruwa irin su Timiya da Iferwan, masu lambunan dabino, lemo da rumman. A Dabus akwai zanen raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban cikinsu ya fi mita biyar. Gabas da duwatsun kuma Tenere ce, tekun yashi da ayarin gishiri ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma. Abzin da Tenere tare sun zama gandu mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta amince da shi a 1991.

Wannan duka hanya ɗaya ce a idon kakanninmu. Ayarin Buzaye kan sauko da kantun gishiri da dabino bayan kaka, ya koma da gero, baƙin yadi na Kura da fatu. Akwai madugu, akwai ja-gaba, akwai zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi a kowane babban gari. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da irin wannan ayari ya sauko. Ya shiga Agadas a Oktoban 1850, ya bi ta Tasawa da Gazawa, ya iso Katsina a farkon 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, sannan ya wuce Kano. Hanyarsa ta bi gabas da Jibiya ne, amma ƙasar ɗaya ce. Layin da ya raba ta sai daga baya ya zo, lokacin da jami'an Ingila da na Faransa suka bi suna kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan, bayan jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina ce ta koma ta kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Ba gida nawa ba ne a Jibiya da ba su da ɗan'uwa a Ɗan Isa, Madarumfa ko Maraɗi.

Yawon buɗe ido irin na zamani a Abzin ya bunƙasa ne a shekarun 1980. Gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta riƙa bi ta Agadas da Tenere, gidajen talabijin na Turai suna nuna hotunan. Mano Dayak, Ba'abzine mai kamfanin kai baƙi cikin hamada, ya yi fice a wannan zamani. Samari suka koyi tuƙin mota a yashi, dafa abincin Turawa a kan gawayi, da harsuna biyu ko uku. Maƙeran azurfa, masu raƙuman haya, masu dukanci da masu masauki duk suka samu abin yi.

Faɗuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Tawayen Buzaye na farko ya ɓarke a 1990, kuma tun 1992 aka sa gandun Abzin da Tenere cikin jerin wuraren gado da ke cikin haɗari. An yi sulhu a Afrilun 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar wannan shekarar, filin jirgin Agadas kuma ya ɗauki sunansa. Baƙi suka dawo, har jiragen haya na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas lokacin sanyi. Sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, aka bisne nakiyoyi a hanyoyi. A 2008 aka soke gasar Dakar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. A Satumbar 2010 aka sace mutane bakwai masu alaƙa da kamfanonin Faransa a Arlit. A Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, direba da ja-gaba, a gandun raƙuman dawa na Kure. Ko a 2025 an sace wata 'yar Ostiriya da wata 'yar Suwizalan a cikin garin Agadas. Ƙasashen Turai suka shafa wa taswirar yankin jan launi, kamfanonin inshora suka janye, sana'a ta mutu.

Abin lura shi ne inda ƙwararrun suka nufa. Mutumin da ya san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku ba zai zauna da yunwa ba. Wasu suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, dokar da gwamnatin soja ta soke a Nuwambar 2023. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado bayan an gano ta a 2014. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, sana'ar da aka gina kacokan a kan baƙon da ke zuwa daga nesa, sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci ta isa ta rushe ta.

A ɓangarenmu na Najeriya ba a ma kai ga gina sana'ar ba kafin masifa ta iso. Dajin Rugu da na Dumburum sun zama maɓoyar 'yan bindiga. An kashe mutane, an sace mata da yara, an kora shanu, ƙauyuka sun watse, dubban mutane daga Katsina, Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka tun daga 2019. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da wasu kasuwannin dabbobi, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da Jibiya. Ita kuma iyakar, gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Nijar da ECOWAS duk sun ce ba za a hana talakawa zirga-zirga ba, amma direbobin hanyar Katsina zuwa Maraɗi sun daɗe suna kuka da yawan shingaye da abin da ake karɓa a kowanne.

Saboda haka duk wanda ya ce a yau a tara matasa a kai su kwana a dajin Rugu, ko a hau babur a ratsa daji zuwa Babban Rafi, ba ya ƙaunarsu. Ina faɗar wannan da babbar murya domin na ga yadda hotunan hawan dutse da kwanan tanti ke jan hankalin samari a Facebook da TikTok, wasunsu har suna ganin shiga wuri mai haɗari shi ne bajinta. Ran mutum ya fi hoto. Sulhun da shugabannin al'ummar Jibiya suka ƙulla da 'yan bindiga a farkon 2025 ya kawo sauƙi, mutane sun koma gonaki da kasuwanni, amma masu bindigar suna nan da bindigoginsu, kuma an sha ganin irin wannan sulhu ya warware a Katsina da Zamfara.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe mai sauƙi ne. Ranar da manomin Jibiya zai kwana a gonarsa lokacin girbi ba fargaba, ranar da Bafulatani zai bi burtali da shanunsa ba wanda ya tare shi ba wanda ya zarge shi, ranar da mace za ta je itace ta dawo lafiya, to ranar ce baƙo zai iya zuwa. Ba a tsallake wannan mataki. Jami'in da ke maganar jawo Turawa alhali mutanen ƙauye na biyan kuɗi kafin su yi noma, ya fara gini ne daga rufi.

To amma jiran zaman lafiya ba ya nufin naɗe hannu, kuma a nan ne nake ganin muna kuskuren lissafi. Kullum in aka ce ɗan yawon buɗe ido, Bature muke hangowa da jaka a baya. Alhali babbar kasuwar tana gida. Kano, Katsina, Zariya, Maraɗi da Damagaram na ɗauke da miliyoyin mutane masu harshe ɗaya, abinci ɗaya, addini ɗaya, waɗanda ba sa bukatar tafinta ko gargaɗin ofishin jakadanci. Mutanenmu suna tafiya tuni: ziyarar Maulidi, ɗaurin aure, kallon hawan Sallah a Katsina da Daura, kallon kokawar Takobi da Nijar ke shiryawa tun 1975. Ɗalibai na zuwa rijiyar Kusugu, hasumiyar Gobarau, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da tsohuwar Kwalejin Katsina da ta zama gidan tarihi. Masu hali na zuwa Yankari su yi wanka a Wikki, wasu har tsaunin Mambila. Muna ma da al'adar rubuta labarin tafiya, tun daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam zuwa Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Abin da babu shi ne wanda zai tsara wa Bakano ko Bakatsine tafiyar kwana biyu: ya yini a madatsar Jibiya, ya ci kasuwa, ya tsallaka ya ziyarci Madarumfa, ya kwana a Maraɗi, ya ga fadar Sarkin Katsina da ta Sarkin Gobir a Tibiri, ya dawo. Irin wannan baƙo ba ya kashe kuɗin Bature, amma yana zuwa da iyalinsa, yana dawowa baɗi, kuma shi ne farkon komowa bayan kowace fitina.

Akwai masu ganin hawan dutse da yawon daji aikin marasa abin yi ne, wasu kuma na tsoron duwatsu saboda zancen iskoki. Ina girmama damuwar iyaye game da tarbiyya, musamman cakuɗuwar maza da mata a tafiya. Sai dai maganin wannan tsari ne, ba hani ba: tafiyar makaranta da malamai, tafiyar iyali, lokacin salla a cikin jadawali, masaukin mata daban. Malamanmu kansu sun sha tunatar da mu falalar tafiya a bayan ƙasa don lura da halittar Ubangiji. Yaron da ya taɓa tsayawa a kan dutse ya hango gonaki, gulbi da garken shanu a ƙarƙashinsa, zai yi wuya ya girma yana ganin sare daji ba komai ba ne.

Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, za ta bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. An yi ta muhawara a kanta a matsayin hanyar kaya. In ta kammala, ita ce kuma za ta zama hanya mafi sauƙi da iyali za su bi su ga wannan ƙasa. Tambayar ita ce ko Jibiya za ta zama tashar da ake sauka, ko wadda ake hangowa ta taga. Wannan ya danganta da abin da aka tanada tun yanzu, kuma yawancinsa ba ya bukatar biliyoyi: inuwa da makewayi mai tsabta a bakin madatsa, rigunan kariya ga duk mai shiga kwale-kwale, matasan gari da aka koya wa tarihin yankin da taimakon gaggawa aka ba su shaidar ja-gaba, da teburi guda a bakin iyaka inda motar ɗalibai za ta gama takardunta ba tare da an yini ba.

Ita ma ƙasar tana da dokokinta da ya kamata ja-gaba ya sani. Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, hawan dutse da rana tsaka a lokacin neman ciwo ne. Da damina kuma gulbin da ka gani busasshe da safe yana iya cikowa cikin dare da ruwan da aka yi a wani wuri. Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da arba'in, kamar yadda tsofaffin Maraɗi ke tuna ta 1945 da ta sa garin ya tashi daga kwari ya hau tudu. Ba a kafa tanti a cikin gulbi, komai laushin yashinsa.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi damuna, shi ne wa zai ci moriyar. In otal na wani attajiri ne daga birni, motar ta kamfani ce, abincin ma daga birni aka taho da shi, mutumin ƙauye bai samu komai ba sai ƙura da kallon kyamara, to ba shi da dalilin kare baƙo ko kare daji. A Kure, kafin harin 2020, ja-gaban raƙuman dawa 'yan ƙauyukan yankin ne da suka kafa ƙungiyarsu, kuma hakan na cikin abin da ya sa dabbobin da suka ragu zuwa kusan hamsin a tsakiyar shekarun 1990 suka haura ɗari shida. Masunta, makiyaya, mafarauta da matan da ke sayar da fura da kifi a Jibiya da Madarumfa su ne ya kamata su fara riƙe wannan sana'a. Mafarauci ya fi kowa sanin sawu da hanya, Bafulatani ya fi kowa sanin mashaya. In ba a ba wannan ilimi halastacciyar kasuwa ba, mun riga mun ga wanda ke sayensa.

Kirana ga gwamnatin jihar Katsina, hukumomin jihar Maraɗi, masarautun Katsina da Maraɗi da ƙaramar hukumar Jibiya shi ne su bar zancen Bature tukuna. Su tsare rayukan mutanen ƙauye, su rage shingayen hanya, su gyara bakin madatsa, sannan a hunturun farko da jami'an tsaro da masu gari suka tabbatar hanya ta yi lafiya, su shirya wa ɗaliban sakandaren Katsina da na Maraɗi ziyarar juna, kowane ɓangare ya ga rabin ƙasarsa da ke tsallaken iyaka.